Idan Aka Nemi Makoɗa A Intanet, Me Za A Gani?

 A wannan makon da ɗan gwaji za mu fara. Duk wanda ke da waya a kusa, ko tasa ce ko ta Yaya ko ta Baba, ya buɗe Google ya rubuta sunan garinsu, ya duba abin da zai fito.

Mu ɗauki Makoɗa ta arewacin jihar Kano, maƙwabciyar Ɗambatta, a matsayin misali. Shafin Wikipedia na Turanci zai gaya muku cewa hedikwatar ƙaramar hukumar tana Koguna, faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 441 ne, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 222,399 ke zaune a cikinta. To amma wanda ya tashi a Maitsidau ko Satame ko Wailare ya san Makoɗa ta fi ƙarfin lambobi. Ya san ƙasa ce da gona ke manne da gona, inda ake kwasar taki daga turke a kai gona tun da rani, a shuka gero da dawa, a ratsa wake a tsakaninsu, a bar harawa domin dabbobi. Ya san tarihin unguwarsu da sunan wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar garin. Akasarin wannan ilimi yana cikin kawunan dattawa, ko a saƙon murya na WhatsApp, ko a hoton takarda da wani ya ɗora a Facebook ya nutse cikin kwana biyu.

Ku ne za ku rubuta shi, domin ku ne kuka haɗa boko da waya da kuma kakanni masu rai. Sai dai rubutawa kaɗai ba ta isa ba. Akwai rubuce-rubuce masu amfani jibge a intanet waɗanda ba wanda ke ganinsu, saboda an zuba su ne ba tsari. Duk shafin da kuka rubuta, masu karatu iri uku ne ke jiransa: mai ƙaramar waya da ƙidayayyar data, da mai karatu da kunne saboda lalurar gani, da kuma manhajar bincike irin su Google. Abin daɗin shi ne, gyara ɗaya ne yake wadatar da su duka ukun.

Mai ƙaramar waya da ƙidayayyar data

Ku tuna yadda ku kanku kuke karatu a waya. Yatsa na tafiya, ido na tsalle. Wannan ba halin 'yan yanzu ba ne kawai. Tun a shekarar 1997 wani masanin yadda mutane ke amfani da kwamfuta mai suna Jakob Nielsen, shi da abokin aikinsa, suka gwada mutane suka gano cewa kashi 79 cikin 100 leƙa shafi kawai suke yi suna neman abin da ya kawo su, kashi 16 ne kacal ke bin sa kalma bayan kalma. A kan babbar kwamfuta ke nan. Ina ga wanda ke tsaye a bakin gona da tsakar rana, fuskar wayarsa ta tsage, sabis na zuwa yana ɗaukewa, caji saura kaɗan?

Wannan mutumin yana bukatar abu huɗu daga gare ku.

Na farko, ku fara da amsa. A insha'in makaranta an koya mana gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. A shafin intanet kuwa salon 'yan jarida ne ya fi dacewa: mafi muhimmanci a sama, ƙarin bayani a ƙasa. Idan sanarwar taron iyaye da malamai ce, layin farko ya faɗi rana da lokaci da wuri. Godiya ga shugaban makaranta da tarihin ƙungiya su biyo baya.

Na biyu, ku rarraba rubutun da ƙananan kanu, kamar yadda kuke gani a wannan shafi da kuke riƙe da shi. Ku dubi kasuwar Ɗambatta ranar da take ci. 'Yan hatsi da layinsu, 'yan tumaki da nasu, masu kayan miya da nasu. Baƙon da bai taɓa zuwa ba ma da ya shigo zai san inda zai nufa. Da a ce an cakuɗa buhun gero da akuya da atamfa wuri guda, da ciniki ya gagara. Ƙananan kanu su ne layukan kasuwar shafinku.

Na uku, gajerun sakin layi. Sakin layi mai jimla goma a takarda ba komai ba ne, amma a waya yakan cika fuska gaba ɗaya ya zama kamar katanga. Ra'ayi ɗaya, sakin layi ɗaya. Idan matakai ne na yin wani abu, ku jera su da lamba 1, 2, 3.

Na huɗu, ku tausaya wa datarsa da idonsa. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabait 3 ko fiye, alhali rubutu zalla mai kalma 1,000 bai kai kilobait 10 ba. Wato hoto guda ɗaya da ba a rage masa nauyi ba ya fi ɗaruruwan shafukan rubutu cin data. Ku rage nauyin hoto kafin ku ɗora, kuma kada ku sa bidiyon da ke kunna kansa. Batun launi kuma, baƙin rubutu a kan farin fili ya fi komai sauƙin gani. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari, ko ja a kan kore, yana iya yi muku kyau a cikin ɗaki, amma a rana ɓacewa yake yi.

Mai karatu da kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da wata babbar nakasa, wato mutum ɗaya cikin shida a duniya. Ta kuma ce aƙalla mutum biliyan 2.2 suna da matsalar gani, ta kusa ko ta nesa. Ba sai an je nesa ba, kusan kowane gida akwai tsohon da yanar ido ta rufe wa gani, ko wanda sai ya miƙa waya nesa da fuskarsa kafin ya iya karantawa.

Akwai kuma tsararrakinku. A Tudun Maliki da ke birnin Kano akwai makarantar gwamnati ta musamman da ke koyar da ɗalibai masu lalurar gani da masu lalurar ji. Hukumar JAMB tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa masu lalurar gani jarrabawar shiga jami'a, kuma Kano na cikin cibiyoyin da ake yi. Waɗannan ɗalibai suna neman bayanin rajista da tallafin karatu da labarin ƙwallo kamar kowa, kuma da waya suke nema.

Yaya suke yi? Da manhajar da ke karanta musu abin da ke fuskar waya da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, kuma tare da wayar suke zuwa. A kwamfuta akwai NVDA, wadda ake samu kyauta. Wasu matasa biyu makafi 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka gina ta, an kuma fara aikin a shekarar 2006, saboda manhajojin da ake sayarwa a lokacin sun fi ƙarfin aljihun talaka.

Mai amfani da irin wannan manhaja ba ya zama ya saurari shafi tun daga farko har ƙarshe. Shi ma leƙe yake yi, amma da kunne. Yakan umarci manhajar ta riƙa tsallakawa daga wannan kai zuwa wancan har ya ji wanda yake nema. A nan ne wani kuskure da ake yawan yi yake cutar da shi. Mutum ya rubuta ƙaramin kai, sai kawai ya ƙara wa haruffan girma da kauri. Mai ido zai ga kai ne, amma manhajar ba ta sani ba, a wurinta rubutu ne kamar sauran. Harshen da ake gina shafukan intanet da shi, wato HTML, yana da alamomin kanu hawa shida, daga H1 zuwa H6. H1 shi ne babban taken shafi, guda ɗaya ya isa. H2 su ne manyan sassa, H3 kuma rassan da ke ƙarƙashinsu. Ba sai kun iya rubuta HTML ba. A Blogger da WordPress da Wikipedia, har ma da Microsoft Word, akwai wurin da ake zaɓa a ce wannan layi kai ne. Ku yi amfani da shi, kuma ku bi hawa-hawa, kada ku yi tsalle daga na ɗaya zuwa na huɗu don kawai girman haruffansa ya burge ku.

Sai hotuna. Idan manhajar ta iso kan hoton da ba a yi masa bayani ba, abin da za ta ce shi ne "hoto", ko ta karanto jerin lambobin da wayar ta raɗa masa. Shi ya sa a wurare da yawa da ake ɗora hoto ake ba da wani ɗan gurbi na rubuta bayanin da zai tsaya a madadinsa, har a Facebook da Instagram. Jimla ɗaya ta isa, amma ta faɗi abin da mai ido zai ƙaru da shi. "Hoton gona" bai ce komai ba. "Manomi yana ɗaure damin gero a gonar da aka ratsa wake a cikinta" ya ba da labari. Wannan bayanin ne kuma yake fitowa a madadin hoton idan sabis ya yi rauni hoton ya ƙi buɗewa, ka ga mai ido ma ya amfana.

Babban laifin da dukkanmu muke yi shi ne na sanarwa. A buga takarda, a sa hannu da hatimi, a ɗauki hotonta a karkace, a watsa. Jadawalin jarrabawa, sanarwar rabon taki, ranar rigakafi, duk haka suke yawo. Manhajojin zamani suna ƙoƙarin tsinto rubutun da ke cikin hoto, amma sukan yi kuskure, musamman idan hoton ya dushe ko rubutun hannu ne. Kuskure a kwanan watan jarrabawa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Maganin mai sauƙi ne: ku sa hoton takardar domin shaida, sannan ku sake rubuta abin da ke cikinta a ƙasa.

Mahaɗi kuma, wato rubutun nan mai launin shuɗi da ake dannawa ya kai mutum wani shafi, shi ma yana da ƙa'ida. Mai karatu da kunne yakan sa a jero masa dukkan mahaɗan da ke shafi. Idan abin da zai ji shi ne "danna nan, danna nan, danna nan", wanne zai danna? Ku rubuta inda mahaɗin zai kai shi: "jadawalin jarrabawar zango na uku".

Kada mu manta da masu lalurar ji. Idan kun ɗauki bidiyon hira da wani dattijo, ku rubuta abin da ya faɗa a ƙasa. Haka kuma akwai iyayenmu da suka iya ajami ko karatun allo amma ba su yi boko ba. Idan bayanin ya shafe su, ku haɗa da gajeren saƙon murya. Abu ɗaya ta hanya biyu, wanda ya rasa wannan ya samu waccan.

Duk waɗannan ba son ranmu muka faɗa ba. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a shekarar 1989, ya kafa wata ƙungiya mai suna W3C a 1994 domin tsara ƙa'idojinta. Ƙungiyar ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu nakasa, waɗanda ake kira WCAG, a 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da kuma 2023. A nan gida kuma, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta bukaci gine-ginen jama'a su samar da hanyar da mai keken guragu zai shiga. Shafin da ba shi da kanu, ba shi da bayanin hoto, daidai yake da ofishin da aka yi wa matakala goma ba gangara.

Gizo-gizon Google

Mai karatu na uku ba mutum ba ne. Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, yana da wata manhaja da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi tana bin mahaɗai, kamar yadda gizo-gizo ke bin zaren saƙarsa. Duk shafin da ta shiga takan karanta shi, ta adana bayaninsa a wani makeken kundi. Lokacin da kuka rubuta tambaya, ba intanet ɗin gaba ɗaya Google ke bincikawa a wannan daƙiƙar ba, kundin nan yake buɗawa ya jero muku shafukan da yake ganin sun fi dacewa.

Abin lura a nan shi ne, wannan gizo-gizo ya fi kama da ɗan'uwanmu mai karatu da kunne. Da rubutu ya fi dogara. Take da kanu suna taimaka masa ya gane inda shafi ya dosa, bayanin hoto yana gaya masa abin da ke cikin hoto, kalmomin mahaɗi suna gaya masa abin da ke gaba. Kuma a yanzu Google yana duba shafi ne yadda yake fitowa a waya, ba yadda yake a babbar kwamfuta ba. Ashe duk wahalar da kuka yi wa masu karatu biyun farko, na ukun ma ya ci moriyarta.

Akwai abubuwa kaɗan da suka keɓanta da shi. Take shi ne kan gaba, domin shi ne abin da mai bincike zai fara gani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Take irin "Wani abin al'ajabi" ko "Ku karanta ku ƙaru" bai gaya wa kowa komai ba. Ku sa kalmomin da mai nema zai rubuta da kansa, ku kuma sa su a farko, domin idan take ya wuce kimanin haruffa 60 Google yakan datse ƙarshensa.

Sai batun da ya shafe mu Hausawa musamman, wato haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. A wurin kwamfuta ɗ daban, d daban, kowanne da lambarsa. Mu ma a wurinmu haka ne, domin baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, dauri ba ɗauri ba ne. Matsalar ita ce sunan gari ɗaya yana yawo da kamanni da yawa. A takardun gwamnati Makoda, a Hausa Makoɗa. Maƙwabciyarta kuwa wani ya rubuta Dambatta, wani Danbatta, wani Ɗambatta. Shawararmu ita ce ku riƙe daidaitacciyar Hausa da ƙugiyoyinta a duk rubutun, sannan a wuri ɗaya, cikin jimla mai ma'ana, ku ambaci yadda ake rubuta sunan da Turanci, domin wanda ya nema ta can ma ya same ku. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a saitinsa ake ƙara ta. Ku guji dabarar sa alamar waƙafi a gefen harafi, kamar k' ko d', domin tana raba kalma gida biyu ta rikita mai karatu da manhaja baki ɗaya.

Ku sani kuma, abin da aka tura a WhatsApp a rufe yake tsakanin waɗanda ke cikin hirar, Google ba ya ganinsa. Idan kuna son bayani ya daɗe kuma a same shi, ku ajiye shi a buɗaɗɗen shafi, sannan ku tura mahaɗinsa a WhatsApp.

Kada kuma ku yi wa gizo-gizon wayo. Wasu sukan maimaita kalma ɗaya sau hamsin don shafinsu ya hau sama, wasu su kwafo rubutun wani su liƙa. Google ya daɗe da sanin waɗannan dabaru, kuma maimaita kalma barkatai yana cikin abubuwan da ƙa'idojinsa suka hana. Abin da ya fi ɗaga shafi shi ne ya amsa tambayar da mutane ke yi, har wasu shafuka su riƙa nuni zuwa gare shi.

Mu gwada da buhun wake

A ce ƙungiyar 'yan jarida ta wata sakandare a Makoɗa ta yanke shawarar yin rubutu a kan adana wake. Batu ne mai nauyi, domin kowa ya san yadda ƙwari ke huda wake su mayar da shi gari cikin 'yan watanni, abin da ke tilasta wa manomi ya sayar da kaka lokacin da farashi ya faɗi, ko ya zuba maganin ƙwari mai haɗari a cikin abin da za a ci. Akwai kuma mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin kan shanye ɗan iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu.

Ga yadda aka saba rubuta irin wannan. Take: "Noma tushen arziki". Sai sakin layi uku a kan muhimmancin noma tun zamanin kakanni. Sai a can ƙasa, cikin wani dogon sakin layi, a ambaci buhun. Sai hotuna takwas masu nauyi ba bayani. Manomin da ke neman mafita ba zai taɓa isa wurin ba, Google ma ba zai san shafin na maganar wake ba ne.

Ga kuma yadda ya kamata. Take: "Yadda ake adana wake ba tare da maganin ƙwari ba". Jimlar farko: "Buhun PICS mai ruɓi uku yana kare wake daga ƙwari na tsawon watanni ba tare da an zuba magani ba, muddin waken ya bushe kuma an ɗaure buhun yadda iska ba za ta shiga ba." Wanda datarsa ta ƙare a nan ma ya tafi da abin da ya zo nema. Daga nan sai ƙananan kanu huɗu: "Me ya sa ƙwari ke mutuwa a cikinsa?", "Matakan ɗaurewa", "Kurakuran da ake yi", "Abin da manoman Makoɗa suka gaya mana". A ƙarƙashin na biyu sai jeri:

1. A shanya waken ya bushe sosai, a tsince datti.
2. A duba ledojin ciki, a tabbatar ba su huje ba.
3. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun saƙa, a zuba wake, a bar wurin ɗauri.
4. A matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure ta ita kaɗai.
5. A ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje daban.
6. A ɗora a kan katako nesa da bango, a kiyaye shi daga ɓera.

Hoto biyu sun isa, kowanne da bayaninsa, misali: "Hannaye suna murɗe bakin ledar ciki kafin a ɗaure ta da igiya." A ƙarshe a sa kwanan watan da aka rubuta da sunan ƙungiyar, domin mai karatu ya san daga ina bayanin ya fito da kuma ko ya tsufa.

Ku lura da kai na huɗu. Bayanin buhu ana iya samunsa a wurare da yawa, amma abin da manomin Jibga ko Babbar Riga ya gani da idonsa, da kalmomin da ya faɗe shi da su, ba mai iya kawo shi sai ku. Wannan ne zai bambanta shafinku da na kowa.

A ina za a ɗora?

Ba sai da kuɗi ba. Blogger da WordPress suna ba da shafi kyauta. Makarantar da ke son adireshi nata na kanta, akwai rukunin sch.ng da aka ware wa makarantun firamare da sakandare na Nijeriya. Akwai kuma Wikipedia ta Hausa, wadda kowa ke iya gyarawa da ƙarawa, kuma masu rubuta ta suna da ƙungiya da ke horar da sababbi. Sai dai ita tana da sharaɗi: duk abin da aka rubuta sai an nuna littafi ko jarida ko wata madogara da aka samo shi. Hirar da kuka yi da Kaka, shafin makaranta ne wurinta.

Ko'ina kuka zaɓa, ku kiyaye abu uku. Kada ku ɗora hoton kowa ko muryarsa sai da izininsa, idan yaro ne kuma da izinin iyayensa. Kada ku sa lambar wayarku ko kwatancen gidanku. Kuma malaminku na Hausa ko na kwamfuta ya duba kafin a saki, domin shafin da ya tsaru amma bayaninsa ƙarya ne ya fi wanda bai tsaru ba ɓarna, tunda shi kowa zai same shi.

Aikin gida

Kafin mu rabu, ga aikin wannan mako. Ku zaɓi abu ɗaya da kuka sani game da garinku, ko sana'a ko tarihin unguwa ko yadda ake wani abinci, ku rubuta kalma 300 a kai. Ku ba shi take mai faɗin abin da ke ciki, da jimlar farko mai ɗauke da amsa, da ƙananan kanu uku, da hoto ɗaya mai bayani.

Sannan ku yi masa gwaji uku. Ku fita da wayar tsakar rana ku ga ko yana karantuwa. Ku ba ƙaninku na aji ɗaya ya duba na daƙiƙa goma, ku karɓe wayar ku tambaye shi me shafin ke cewa. Na ƙarshe, ku shiga saitin wayar ku kunna TalkBack, ku rufe ido, ku nemi kai na uku da kunne kawai. Ku sani idan an kunna ta taɓawa ɗaya zaɓa ce kawai, sai an taɓa sau biyu abu ke buɗewa, don haka ku koyi yadda ake kashe ta tun kafin ku fara. Minti biyar ɗin nan za su koya muku abin da dogon bayaninmu bai koya muku ba.

Wanda ya kammala ya kai wa malaminsa, malam ya turo mana waɗanda suka fi tsaruwa, za mu buga su a wannan fili da yardar Allah. Muna sauraron 'yan Makoɗa musamman, tunda da garinsu muka buɗe. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.